Wutar lantarki: A nuna wa 'yan Najeriya inda layin ya cushe

Duk lokacin da wuta ta yi ƙaranci a Najeriya, bayani uku ne ke fitowa. Kamfanin rarraba wuta zai ce kason da ake ba shi ne ya ragu. Kamfanin TCN mai dakon wutar zai ce iya abin da aka samar ke nan, ko kuma ya ce ya kawo, masu rarrabawa ne suka ƙi karɓa. Tashoshin samar da wuta kuma su ce ga injina nan a zaune, babu iskar gas, babu layin da zai kwashi wutar, ga tarin bashin da ba a biya su ba.

Mai walda a Kano, da mai injin markaɗe a Gusau, da mai sayar da ƙanƙara a Damaturu ba su da hanyar gane wanda ya faɗi gaskiya a cikin ukun. Nasu dai su sayi man janareto, ƙarshen wata kuma a kawo musu takardar kuɗin wuta.

Abin mamaki shi ne, wannan mai waldar zai iya ɗaukar wayarsa ya buɗe Google Maps, ya ga titin da ya yi ja saboda cunkoso, ya canza hanya. Amma babbar hanyar da wutar ƙasar nan ke bi daga tasha zuwa garinsa a rufe take gare shi. Ya kamata a buɗe ta. Hukumomin lantarki su samar da taswirar da ke nuna yadda wuta ke gudana a kan manyan layuka, da inda ta cushe, da layin da ya faɗi da dalilin faɗuwarsa, sannan su sa ta inda kowa zai iya gani a wayarsa.

Yadda layi ke cushewa

Wutar lantarki ba kamar tirelar siminti ba ce da za a ce wa direba ya bi ta Zariya ko ya bi ta Jos. Ta fi kama da ruwan noman rani a Kadawa: duk magudanar da ke buɗe sai ya bi ta, mai faɗi ta ɗauki da yawa, ƙarama ta ɗauki kaɗan. Idan aka toshe ɗaya, ruwan ba ya tsayawa neman izini, sai ya kwarara cikin sauran.

Kowane layi yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan aka ɗora masa fiye da ƙima, wayar takan yi zafi, ta miƙe, ta sauko ƙasa har ta kusanci bishiya. Kafin ta ƙone, na'urar kariya takan yanke layin. Nan take wutar da ke kansa ta koma kan maƙwabcinsa. Idan shi ma dama a cike yake, sai ya bi sahu. Haka layuka ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintuna, wani lokaci cikin daƙiƙoƙi.

Dogon layi kuma yana da tasa matsalar. Yawan nisa da yawan kaya suna rage ƙarfin wutar kafin ta kai ƙarshe. Mutanen da ke ganin ƙwan ɗakinsu ya yi ja, fanka tana juyi da ƙyar, firiji yana gurnani, sun san wannan ba tare da an karantar da su ba.

Sai kuma batun daidaito. Wuta ba ta da rumbun da ake tara ta a kan layi. Abin da aka samar a wannan daƙiƙar dole a sha shi a wannan daƙiƙar. Ma'aunin da ke nuna wannan daidaito a Najeriya shi ne 50Hz, kuma ƙa'ida ta ce ya zauna tsakanin 49.75 da 50.25. Idan babbar tasha ta mutu ba zato, lambar sai ta faɗi. Idan wani babban yanki ya yanke, sai ta tashi. Idan ta kauce da yawa, injina su kashe kansu don kada su lalace. Wannan shi ne abin da jaridu ke kira durƙushewar babban layin wuta na ƙasa, wanda aka ƙirga fiye da sau goma a 2024 kaɗai.

To cunkoso a nan yana nufin akwai wuta a wancan gefe, akwai masu buƙata a wannan gefe, amma hanyar da ke tsakani ba za ta iya ɗauka ba. Najeriya tana da injinan da a kan takarda za su iya samar da kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci yana tsakanin 4,000 da 5,000. A watan Maris na 2025, TCN ya yi shelar kafa tarihi da megawat 5,801. Ƙarancin gas da bashi da injinan da suka lalace suna da babban kaso a wannan giɓi. Hanya ma tana da nata. Nawa ne na kowa a kowace rana, shi ne abin da ba a nuna wa jama'a.

Arewa a ƙarshen layi

Babu yankin da wannan batu ya shafa kamar Arewa. Galibin wutar ƙasar nan daga tashoshin gas na Kudu take fitowa, irin su Egbin a Legas, da Ughelli a Delta, da Afam a Ribas, da Azura a Edo. Manyan madatsun ruwa kuma, wato Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, duk suna yankin Neja da bakin iyakarta da Kwara. Daga nan zuwa Kano ko Gombe ko Maiduguri tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita a kan 'yan layuka ƙalilan.

Manyan ƙofofin biyu ne. Ɗaya layin 330kV daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, daga nan wuta ta wuce Kumbotso a Kano, birnin da ya daɗe yana rataye da babban layi guda. Ɗayan kuma daga Ugwuaji a Enugu zuwa Apir a Makurɗi, ya haura Jos. Sakkwato da Kebbi suna samun tasu ta layin Kainji zuwa Birnin Kebbi, wanda ta nan ne ma wuta ke tsallakawa zuwa Yamai.

A watan Oktoban 2024, ƙofar farko a rufe take, domin an lalata turakun layin Shiroro zuwa Mando, kuma rashin tsaro ya hana injiniyoyi shiga dajin su gyara. Nauyin Arewa duk ya koma kan ƙofa ta biyu. Da asubahin ranar 21 ga watan, kamar yadda sanarwar TCN ta nuna, ɗaya daga cikin layuka biyu na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi da misalin ƙarfe 4:53, megawat 243 da ke kansa suka koma kan ɗan'uwansa. Bayan minti biyar shi ma ya faɗi. Jimillar megawat 468 suka salwanta, jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas da wani sashe na Arewa ta Tsakiya suka shiga duhu na fiye da mako guda.

Kowa ya tuna yadda kwanakin suka kasance: cajin waya ya zama sai an bi layi, ruwan sanyi ya yi tsada, masana'antun shinkafa suka rage aiki ko suka tsaya, asibitoci suka koma kan dizal.

Abin lura shi ne, haɗarin bai faro daga ranar 21 ba. Tun ranar da layin Shiroro ya fita aiki, Arewa ta koma tsaye da ƙafa ɗaya. Injiniyoyi sun san da haka. Talakawa, da 'yan kasuwa, da galibin 'yan jarida ba su sani ba sai da duhun ya zo. Da a ce akwai taswirar da ke nuna layin Shiroro a mace, layin Makurɗi kuma yana ɗauke da nauyin yanki guda shi kaɗai kwana da kwanaki, da gwamnoni da 'yan majalisar yankin sun sha tambaya tun kafin a kai ga haka, da mai masana'anta ya tanadi mai, da asibiti ya yi shiri.

Mutanen Maiduguri sun riga kowa ɗanɗana wannan. A farkon 2021 aka fasa turakun layin da ke kawo musu wuta daga Damaturu, birnin ya shafe watanni masu yawa babu wutar gwamnati, daga baya kuma aka gina masa tashar gaggawa mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. Duk garin da layi ɗaya ke ciyarwa, tsakaninsa da duhu turke ɗaya ne.

Idan ɗakin kula ya makance

Kafin jama'a su gani, dole masu tuƙin layin su fara gani da kyau. Amurka ta koyi wannan da tsada.

A ranar 14 ga Agustan 2003, na'urar ƙararrawa ta ɗakin kula da layukan kamfanin FirstEnergy a jihar Ohio ta daina aiki jim kaɗan bayan ƙarfe biyu na rana, kuma ma'aikatan ba su ankara ba. Bayan ƙarfe uku, manyan layuka suka fara yin zafi suna taɓa bishiyoyi suna faɗuwa. Maƙwabtan kamfanoni suna bugo waya suna cewa akwai matsala, su kuma allunansu ba su nuna musu komai ba. Jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu abin ya ɓalle, kimanin mutum miliyan 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontario na Kanada suka rasa wuta, har da birnin New York.

Kwamitin binciken da ƙasashen biyu suka kafa ya lissafa rashin sanin halin da layin ke ciki a cikin manyan dalilan abin da ya faru. Wuta tana nan, injina suna nan, layuka suna nan, amma masu kula ba sa gani. Rashin sani ya fi dare duhu. Tun daga lokacin aka ƙara zuba kuɗi a kan na'urorin da ke auna halin layi sau talatin ko fiye a daƙiƙa guda, da manyan allunan da ke nuna ƙasa baki ɗaya da launuka, yadda ma'aikaci zai ɗaga kai ya ga inda ya yi ja.

A Najeriya, cibiyar kula da babban layi tana Osogbo, da wata mataimakiya a Shiroro. Tsarin da ke kawo wa irin wannan cibiya bayanai kai tsaye daga tashoshi, ya kuma ba ta damar buɗe ko rufe layi daga nesa, shi ake kira SCADA. An shafe shekaru ana kokawa cewa wanda Najeriya ke da shi bai game dukkan tashoshi ba, har ma'aikata kan dogara da kiran waya su ji abin da ke faruwa a wasu wurare. A lamarin da minti biyar ke raba haske da duhu, kiran waya ba dabara ba ce.

A 2018 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 486 domin gyaran layukan dakon wuta, kuma sabon SCADA yana cikin ayyukan. A 2024 an nuna gwajinsa a sabuwar cibiyar Gwagwalada. Amma gwaji daban, aiki daban. Hukumar NISO, wadda aka cire daga jikin TCN ta fara aiki a 2025 domin tuƙa babban layin, ya kamata ta riƙa faɗa wa jama'a a kai a kai tashoshi nawa take gani kai tsaye, nawa suka rage, kuma yaushe za a haɗa su. Bashi ne da 'yan ƙasa za su biya, suna da haƙƙin sanin inda aikin ya tsaya.

Abin da wasu ke nuna wa jama'arsu

Buɗe irin wannan bayani ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka, hukumomin da ke tafiyar da layukan yankuna, irin su PJM da MISO da ERCOT ta jihar Texas, suna da taswirori a intanet da ke sabuntawa duk bayan 'yan mintuna. Suna nuna farashin wuta wuri-wuri da launuka, kuma inda launi ya bambanta sosai tsakanin garuruwa biyu maƙwabta, alama ce layin da ke tsakaninsu ya cika. Mai son gina tasha yakan duba ya ga inda ake yunwar wuta.

A Turai, tun 2015 ƙungiyar kamfanonin dakon wuta ta ENTSO-E ke wallafa yawan wutar da ke tsallaka iyakar kowace ƙasa da jerin manyan layuka da tashoshin da suka fita aiki. A Birtaniya, jama'a sun san ana biyan masu injinan iska na Scotland kuɗi su kashe injinansu a ranakun da layukan da ke gangarowa Ingila suka cika, sannan a biya tashoshin gas na kudu su cike gurbin. Abin yana ba mutane haushi, jaridu suna ta rubutu a kai, kuma wannan surutun yana cikin abin da ke matsa wa gwamnati ta hanzarta gina sababbin layuka. Ba su fi Najeriya rashin cunkoso ba, sun dai fi ta sanin inda nasu yake da abin da yake ci musu.

Najeriya ma ba daga sifili za ta fara ba. Akwai shafin da ke nuna abin da kowace tasha ke samarwa sa'a-sa'a da kason kowane kamfanin rarrabawa. Da shi 'yan jarida ke gane layi ya durƙushe idan suka ga lambobi sun koma sifili. Hukumar NERC ma tana fitar da rahoto duk bayan wata uku. Sai dai shafin jerin lambobi ne da ke nuna mafari da maƙura, babu hanyar da ke tsakani. Rahoton kuma yakan fito ne bayan watanni, lokacin da mai kifi ya daɗe da zubar da kifinsa.

Me taswirar za ta ƙunsa?

Ba sai ta zama mai rikitarwa ba. Abu huɗu sun isa a fara da su.

Na farko, manyan hanyoyin 330kV da launi uku: kore idan akwai sarari, ruwan ɗorawa idan ya kusa cika, ja idan ya cika ko ya faɗi, da kibiya mai nuna inda wutar ta nufa.

Na biyu, jerin layuka da manyan taransifomomin da ba sa aiki, da dalili a taƙaice, ko gyara ne ko lalacewa ko ɓarna, da ranar da ake sa ran dawowarsu.

Na uku, abin da aka ware wa kowane kamfanin rarrabawa da abin da ya karɓa a zahiri, gefe da gefe. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kamfanin Kano yana da kashi 8 cikin 100, na Kaduna 8, na Jos 5.5, na Yola 3.5. Idan ƙasa ta samar da megawat 4,500, kason Kano da Katsina da Jigawa gaba ɗaya megawat 360 ke nan. Shin yana isowa Kumbotso? Idan ya iso, kamfanin yana ɗauka duka? Lambobi biyu kacal za su kashe gardamar shekaru.

Na huɗu, wutar da tashoshi suka ce za su iya samarwa amma aka hana su, da dalilin hanawar: gas, ko ruwa, ko layi, ko rashin mai karɓa.

Sannan shafin ya zama marar nauyi, mai buɗewa da ƙaramar data, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci, yadda gidajen rediyo za su iya karanta shi da safe kamar yadda suke karanta hasashen yanayi.

Masu ja da wannan shawara

Za a ce taswirar za ta nuna wa ɓarayin ƙarfe da 'yan ta'adda layin da ya fi muhimmanci. Damuwa ce ta gaske a ƙasar da ake sa wa turaku bam. Amma turken 330kV ba ɓoyayyen abu ba ne, ana hango shi daga nesa, kuma waɗanda suka kayar da na Shiroro da na Damaturu ba su jira taswira ba. Duk da haka ana iya kiyayewa: a nuna hanya tsakanin birni da birni ba tare da wurin kowane turke ba, a jinkirta bayanin da ake ba jama'a da sa'a guda, cikakken bayanin daƙiƙa-daƙiƙa ya tsaya a ɗakin kula.

Za a kuma ce taswira ba ta ƙara ko megawat ɗaya. Haka ne. Ma'aunin zafin jiki ma ba ya warkar da zazzaɓi, amma babu likitan da ke aiki ba shi. A 2019 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Siemens na Jamus da burin kai wa megawat 7,000 a 2021, da 11,000 a 2023, da 25,000 a 2025. Shekarun duk sun wuce ba a kai ko matakin farko ba. Ana ta ƙaddamar da taransifomomi ana yanka kirtani, amma ɗan ƙasa ba shi da hanyar sanin ko an sa su ne a inda cunkoson yake, ko a inda wani mai faɗa a ji ya nuna. Layin da ya shafe wata shida yana ja a idon kowa zai yi wuyar tsallakewa a kasafin kuɗi. Haka ma maganar layin da zai haɗa Sakkwato da Katsina ta Ƙauran Namoda, wanda zai ba Arewa maso Yamma ƙofa ta biyu, za ta tashi daga alƙawari ta zama buƙatar da kowa ke ganin hujjarta.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a fili ba: duhun yana yi wa wasu amfani. Muddin ba a ganin lambobi, kowane ɓangare zai ci gaba da taka laifinsa yana hango na wani.

Lokacin ma ya dace. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, kuma jihar da ke son jawo mai gina tashar hasken rana dole ta iya nuna masa inda layi ke da sararin karɓar wutarsa. Tun watan Afrilun 2024 kuma, lokacin da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit bisa alƙawarin awa 20 a rana, mai biya ya ƙara samun hujjar tambayar inda sauran awanninsa suka maƙale.

NERC tana da ikon umartar NISO da TCN da kamfanonin rarrabawa su fitar da waɗannan bayanai, ta kuma sa musu wa'adi. Gwamnonin Arewa da 'yan majalisar yankin, waɗanda jama'arsu ke ƙarshen layi, su ya fi kamata su fara neman hakan, tare da ƙungiyoyin masu masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai da Kakuri. Idan an yi, ranar da wuta ta ɗauke mai walda zai duba wayarsa ya san ko ya jira awa biyu ne, ko ya sallami yaransa ya nemi man kwana uku.